Akushin Baffa Buba

Funtuwa, daminar 1964

Litinin, bayan la'asar

Wannan ragowar littafin lissafina ne na makaranta. Ranar da muka gama, Malama ta ce kada mu bar hannu ya mutu, mu riƙa rubuta duk abin da muka gani. Ni dama rubutu ya fi mini magana sauƙi. In na buɗe baki gaban mutane sai in ji harshena ya yi nauyi. Ta kuma ce a fara da inda ake, to ga inda nake.

Sunana Hansai. Gidanmu gidan baƙi ne, a kan hanyar kara inda ake cinikin shanu. Babana, Malam Shitu, fatoma ne. Fataken shanu suna sauka wurinsa, ya ba su ɗaki da tuwo da ruwan wanka, ya tsaya musu a kara har a yi ciniki, sannan ya karɓi la'adarsa. Da la'adar nan muke ci. Ba a biyan kuɗin ɗaki a gidanmu.

Yau wani direba daga Malumfashi ya tsaya ƙofar gida da ƙwaryar man shanu. Ya ce saƙon Baffa Buba ne, ya taso daga wajen Musawa da shanu, a faɗa wa mai gida yana nan tafe kafin kasuwa mai zuwa. Inna ta ɗaga murya daga cikin gida ta ce, "Hansai, sauko da akushinsa."

Haka ake yi. Baƙon da ya daɗe da mu yana da akushinsa, tabarmarsa da butarsa kuma suna rataye a ɗakinsa. Daga ranar da ya aiko cewa yana tafe, kullum da magariba sai a zuba masa tuwo, a kai ɗakin, a rufe da faifai, don kada ya iso ya tarar kamar ba a san da zuwansa ba. Baffa Buba tun kafin a haife ni yake sauka a ɗakin bakin rijiya. Shi ya sa mini suna Magajiyar Surutu, don ban taɓa ce masa komai ba sai "sannu da zuwa."

Na shiga wurin Baba na faɗa masa saƙon a kunne. Ya dube ni. Ya sa hannun hagu ƙarƙashin matashi, ya daɗe yana lalube, ya fito da mabuɗin ɗakin bakin rijiya ya danna mini a tafi, ya rufe yatsuna a kai. Na ɗaure shi a bakin zanena.

Ba zan rubuta abin da ya faru a zaure ranar Alhamis ba. Inna ta ce duk wanda ya tambayi jikin Baba a ce da sauƙi.

Talata, da hantsi

Na kai akushi jiya. Na dawo da shi yau cike. Inna ta yi ɗumame.

Laraba, bayan magariba

Ruwa tun asuba, bai ɗauke ba. Wanzami ya zo ya yi wa Baba ƙaho a kafaɗar dama. Baba ko motsi bai yi ba. Kunun da na ba shi, rabi ya bi gefen bakinsa. Na goge da sauri, na yi kamar ƙofa nake kallo.

Mutum ya zo gaisuwa daga kara. Na ce da sauƙi.

In zan kai akushi, ta ƙofar Baba nake bi, ko da ta fi nisa. Yana binsa da ido har in wuce.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Yaya Aƙilu ya iso daga Zariya. Inna ce ta aika a kira shi. A can yana aiki a wani otal inda Turawa da manyan ma'aikata ke sauka. Jirgin da ya kawo shi bai wuce Funtuwa ba, an ce ruwa ya cinye ƙasan dogo a gaba. Tasha ta cika da fasinjoji da kayansu.

Ya shiga wurin Baba da fara'a yana cewa, "Baba, ga ni." Ya fito babu fara'a. Ya zagaya bayan rumbu ya daɗe. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙin murhu ne. Murhu a kashe yake.

Daga baya ya hau tsani ya leƙa cikin rumbu. Ya ce, "Inna, wannan dawar ba za ta kai mu kaka ba."

Inna ta ce, "Allah zai kai mu, mutumin Zariya." Ba ta faɗin sunansa, shi ne ɗan farinta.

Ya ce, "Allah zai kai mu. Amma wa zai tsaya a kara?"



Asabar, da azahar

Yaya ya samo katako ya shafa masa baƙin fenti, ya rubuta da alli, ƊAKI SULE BIYU, ya kafa a ƙofar zaure. Kafin azahar ɗakunan baƙi sun cika da mutanen tasha. Akwai mai tsintsiyar kwakwa ɗauri guda, akwai mai rediyo. Yaya ya auno dawa, ya kuma kawo malamin asibiti ya yi wa Baba allura. Ba zan ce bai kyauta ba. Tun ranar Alhamis ɗin nan yau ne aka sa nama a miya.

Ɗakin bakin rijiya kaɗai ya rage a kulle.

Lahadi, bayan la'asar

Ban ba shi ba! Ban ba Yaya mabuɗin ba.

Ina wanke-wanke ya tsaya a kaina. "Ke Hansai, ina mabuɗin ɗakin bakin rijiya? Ga wani ma'aikacin reluwe da iyalinsa, tun jiya suke kwana a kan benci."

Na dubi ƙafata.

"Magana nake miki."

Na ce, "Baba ne ya ba ni." Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Ya ce, "To je ki tambayi Baban, in ya ce..." Sai ya tsaya. Ya ji abin da ya fito daga bakinsa. 

Can ya ce, "Shi ke nan, riƙe mabuɗinki. Amma a wurin aikinmu, in mutum ya kama ɗaki ya faɗi rana bai zo ba, biya yake yi, ya kwana ko bai kwana ba. Ba a barin ɗaki a banza ga masu kuɗi a hannu suna roƙo. Baffa Buba ya ce kafin kasuwa. In kasuwa ta ci gobe bai zo ba, kowane dare a kansa yake, har da tuwon da ake ɓarna da shi."

Inna ta ce daga madafa, "Ba a ɓarna da shi, mutumin Zariya. Kai ke cinye ɗumamen."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki alli ya fita. A ƙarƙashin na jiya ya ƙara, WANDA YA KAMA ƊAKI BAI ZO BA ZAI BIYA.

Ni dai mabuɗi yana bakin zanena. Na shiga ɗakin na share shi, ko da ba datti. Na karkaɗe tabarmar Baffa na mai da ita inda take.

Litinin, bayan magariba

Kasuwa ta ci. Bai zo ba.

Talata, da hantsi

Cike.

Alhamis, da walaha

Tsohuwa ta kawo itace. Bamagujiya ce daga wani ƙauye a hanyar Malumfashi, ita ke kawo mana itace tun ina goye, kuma ba labarin da ke wuce ta. Ta ce kogi ya cika ya ɗauke gada, motoci a tsaye, shanun fatake duk suna ƙetare suna kallon ruwa.

Ta gan ni ina fitowa daga ɗakin da ba kowa da akushi a hannu. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar Malam, wa kike kai wa tuwo kullum, iskoki? Mu ma da muke ba su, ai ba kullum ba ne."

Inna ta yi dariya har ta share ido. Rabona da jin dariyarta tun kafin Alhamis ɗin can.

Na faɗa wa Baba maganar kogi. Ya lumshe ido, ya buɗe, ya dubi bakin zanena. Na nuna masa mabuɗin.

Juma'a, da yamma

Tun safe nake shirya abin da zan ce wa Yaya. Na tsaya bakin rijiya ina maimaitawa. Zan ce, Yaya, Baffa ba shi ya cika kogi ba. Zan ce, mutumin da ya rataye butarsa a ɗaki ba kama ɗaki ya yi ba, gida ya bari zai dawo. Na jera su tsaf. Da Yaya ya shigo ya ce, "Mene ne?" sai na ce, "Ga ruwan wanka."

Asabar, da hantsi

Cike. Ƙuda ɗaya ya shiga ƙarƙashin faifai. Na ce to, ko shi ya ci.

Litinin, bayan la'asar

Wata kasuwar ta ci.

Direban da ya kawo man shanu ya dawo, ta wata hanya ya zagayo. Ya ce ruwa ya ja baya, an ƙetare, amma ciwo ya shiga shanu, malaman dabbobi sun tsare kowane garke sai an yi allura. Yana magana sai idonsa ya kai kan allon. Ya karanta a fili, harafi harafi, ya kwashe da dariya. Ya ce, "Gidan Shitu ya zama otal ke nan? Bari in koma in ba Buba labari, ya zo da lalitarsa a buɗe."

Ya tambayi jikin mai gida. Na ce da sauƙi.

Da na sani da na tsaya gaban allon na rufe shi da jikina.

Laraba, da azahar

An gyara dogo. Jirgi ya yi kuka, mutanen tasha duk suka nannaɗe kayansu suka tafi. Ko ɗaya bai ce a gai da mai gida ba. Ba laifinsu ba ne, ba su san shi ba. Ɗakuna sun koma wayam. Yaya yana zaune a zaure shi da allonsa.

Alhamis, da hantsi

Cike. Da sauƙi. Cike. Da sauƙi. Bakina ya gaji da ɗaya, wuyana ya gaji da ɗaya.

Asabar, da azahar

Tsohuwa ta shigo ko itacen ba ta sauke ba. Ta ce, "Bafulatanin naku ya iso tun jiya. Yana kara, ya shimfiɗa buzu a gindin ɗorawa kusa da shanunsa, nan ya kwana. Ya ce gidan da ake biyan kuɗin barcin da ba a yi ba ya fi ƙarfinsa. Jibo kuwa tun safe yake zagaya shi. Ya aika masa fura, ya ce ya ƙoshi. An ce yau shinkafa za a kai."

Jibo shi ma fatoma ne, gidansa na bayan masallaci. Kowa ya san in falke ya sa hannu a kwanon fatoma, ya zama baƙonsa. In Baffa ya ci na Jibo, duk masu bin sawunsa daga wajen Musawa da Matazu can za su koma. Ba za a sake sauko da akushi a gidan nan ba.

Inna ta zauna a kan turmi. Ita ba ta fita. Ta dubi Yaya.

Yaya ya ce, "In ya zo ya zo. Ni ba zan je roƙo ba." Amma bai dubi kowa ba da ya faɗa. Ya shiga ɗaki ya tura ƙofa.

Ban faɗa wa Baba ba. Ban bi ta ƙofarsa ba.

Asabar, da isha

Na yi! Wallahi na yi! Bari in rubuta tun daga farko kafin ya gudu daga kaina.

Inna ta kwashe tuwo da wuri, rana ba ta faɗi ba. Miyar kuɓewa ɗanya ce, ta kuma sa man shanun Baffa a ciki, ragowar da ta ɓoye.  Na ɗauki akushi na nufi ɗakin bakin rijiya. Na kwance mabuɗi. Na tsaya. Na ce a raina gobe da safe zan sake ɗauko shi cike, in bi ta ƙofar Baba yana kallona. Sai na mai da mabuɗin bakin zane, na ɗora akushi a ka, na bi ta zaure na fita.

Ni da ko talla ban taɓa yi ba. An taɓa ɗora mini gyaɗa, na je na zauna bayan katangar makaranta har magariba, na dawo da ita ko kwabo ban sayar ba.

Kara duk taɓo da kashin shanu, ƙafata tana nutsewa, takalmina ɗaya ya maƙale na bar shi. Maza ko'ina. Wani ya ce, "'Yammata, na sayarwa ne?" Wani ya ce, "Miyar me?" Ban juya ba. Ɗorawar kawai nake kallo.

Na same shi. Ya rame, ƙafafunsa sun tsage, rawaninsa ya koma kalar ƙasa. Shanunsa ba su kai yadda ya saba zuwa da su ba, waɗanda suka rage kuma ana ganin haƙarƙarinsu. Jibo yana zaune a gefen buzun, ga kwanon shinkafa a gabansu, an buɗe, ba a taɓa ba tukuna.

Na durƙusa. Na sauke akushi tsakanin Baffa da kwanon. Na ɗaga faifai.

Ya ce, "A'a! Magajiyar Surutu! Ke ce a kara?" Har ya fara murmushi, sai ya tuna. Ya ce, "Ɗauki abinki, 'yata. Labarin allonku ya same ni tun ina hanya. Nawa ne wannan ɗin? A haɗa da na jiya da na shekaranjiya."

Jibo ya ce, "Har da kuɗin faifai." Mutanen da suka taru suka yi dariya.

 Na ce yanzu zan tashi in ruga. Sai na ji wata tana magana, ashe ni ce.

Na ce, "Baffa, tun ranar da man shanunka ya iso nake kai akushin nan ɗakinka. Kullum in kai, kullum in dawo da shi cike. Mun gaji da ɗumame."

Aka sake dariya, amma ba irin ta farko ba. Wani tsoho ya ce, "Ku yi shiru, ku bar yarinya ta gama."

Na kwance mabuɗi na ajiye kusa da akushi. Na ce, "Ɗakinka ba wanda ya shiga. An cika kowane ɗaki, ban da shi. Tabarmarka tana nan, butarka tana nan. Baba ne ya ba ni wannan ya rufe hannuna."

Baffa ya dubi mabuɗin. Ya ce, "To shi Shitun yana ina ya bar yaro ya kafa masa allo a ƙofa? Ko ɗan aike bai turo mini ba. An ce mini jiki ya ɗan taɓa shi, amma kowa na tambaya sai ya ce da sauƙi."

Na ce, "Ba sauƙi, Baffa. Baba ba ya tashi. Ba ya magana. Hannunsa da ƙafarsa na dama sun mutu. Tun kafin saƙonka."

Na faɗa. Ga shi yanzu kuma na rubuta.

Ba wanda ya yi dariya. Jibo ma ya ce innalillahi, na ga shi ma bai san ya kai haka ba.  Sai Baffa ya ce a ba shi ruwa. Ya wanke hannu, ya jawo akushi gabansa, ya ce bisimillah, ya yanki loma. Ya ci, ya ci, bai ɗaga kai ba. Ya gane man shanunsa, na gani a fuskarsa. Ya suɗe akushin da yatsa.

Ya ce, "Jibo, ka gani na ci. Allah ya saka da alheri, ka kai wa yara shinkafarsu."

Jibo ya ce, "Ai gidan Shitu gidanka ne, Buba. Gobe zan shigo in duba shi." Ya rufe kwanonsa.

Baffa ya bar masu kora a wurin shanu, ya ɗauki sandarsa da buzunsa ya wuce gaba. Ina biye da shi, takalmi ɗaya, akushi a ka. Ban taɓa sanin akushin nan ba shi da nauyi ba. Har takalmin da na bari wani ya ciro ya miƙo mini, ya ce, "Ranki ya daɗe, Magajiya."

Da muka iso ƙofar gida, Baffa ko kallon allon bai yi ba. Ya yi sallama da ƙarfi yadda ya saba. Daga ciki na ji an buga gado, bum, bum. Baba ne, da hannun hagu.

Lahadi, da hantsi

Baffa ya kwana a ɗakinsa. Da asuba na ji ƙarar butarsa a bakin rijiya, na rufe fuska da zane ina murmushi ni kaɗai.

Da gari ya waye ya shiga wurin Baba ya zauna a ƙasa. Yana gaisuwa yana amsa wa kansa. "Ina kwana, Shitu? Ka ce lafiya. Ina gajiya? Ka ce ba gajiya. Yaya ruwa? Ka ce ruwa ya yi gyara. To ni bai yi mini gyara ba, ya ci mini bijimi a gabana." Rabin fuskar Baba yana dariya, hawaye yana bin ɗaya rabin. Ban goge ba. Baffa ne ya goge masa da bakin rawani.

Lahadi, bayan la'asar

Na kai ruwa zaure, sai na tarar da Baffa da Yaya. Da na ajiye ban fita ba, na tsaya jikin ƙofa. Ba wanda ya kore ni.

Baffa ya kwance lalitarsa ya zazzage ta gaban Yaya. Ya ce, "Malam Otal, ga shi. Ɗauki na barcin da na yi a bakin kogi."

Yaya ya dubi kuɗin.  Ya ce, "Baffa, shanun fa?"

"Na taso da garke. Kogi ya ɗauki nasa, ciwo ya ɗauki nasa, ga abin da suka bar mini a kara."

Yaya ya ce, "Rumbu ne ya yi ƙasa, Baffa. Ga magani. Ban ga wata hanya ba."

Baffa ya ce, "Mutanen tasha da ka karɓi nasu, ka yi daidai. Ba su san ubanka ba, gobe ba za su san ka ba. Amma ni? Da ka aiko ka ce Baffa rumbu ya yi ƙasa, da na ƙetaro da sa ɗaya ko da a wuyana ne. Sai ka aiko mini da allo?"

Yaya ya tattara kuɗin da hannu biyu, ya mai da su cikin lalitar, ya ɗaure bakinta da kansa, ya ajiye a kan gwiwar Baffa. Ya ce, "A yi haƙuri, Baffa."

"An yi. To gobe kasuwa. Shanuna ba su san muryar kowa ba sai ta gidan nan. Wa zai tsaya mini?"

Yaya ya ce, "Ban iya ba."

Baffa ya ce, "Ka iya tsayawa gaban Bature, ka kasa tsayawa gaban bijimi? Ubanka ranar farko saniyata mai ciki ya sayar a kuɗin maraƙi, ban kashe shi ba. Magajiya, ɗauko malafar mai gida da sandarsa."

Na ɗauko. Na nuna wa Baba kafin in fito da su. Ya buga gado sau ɗaya.

Malafar ta yi wa Yaya yawa, ta sauko har ido.

Litinin, bayan magariba

An sayar! Duka an sayar, ban da wata karsana da Baffa ya ce ba ta sayarwa ba ce, a ɗaure ta a gidan nan ta yi ƙiba, in ta haihu Shitu ya sha nono.

Yaya ya dawo, farar rigarsa ta Zariya ba ta ganuwa don taɓo, muryarsa ta dushe. Baffa ya ce sau ɗaya kawai ya yi shirme, ya kusa sallama bijimi da arha, sai da ya taka masa ƙafa. Yaya ya shiga wurin Baba ya durƙusa, ya zuba masa la'adar a tafin hagu. Baba ya riƙe ta ɗan lokaci, sannan ya tura masa abarsa.

Sauran fataken da kogi ya tsare, da suka ga inda Baffa ya kwana, nan suka biyo da tabarminsu. Inna ta ce, "Hansai, sauko da akusa duka." Na hau kan turmi na sauko da su, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ina wankewa ina waƙa, ban ma sani ba sai da Inna ta leƙo ta dube ni. Wani daga cikinsu ya kawo tumu, geron farko na bana, aka gasa, gida duk ƙamshi.

Allon kuwa Yaya ya cire shi da kansa. Zai faskara shi ya sa a murhu, Inna ta ce a ba ta, akurkin kaji ba shi da ƙofa. Tsohuwa ta zo ta gan shi a can, ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce, "To kaji, kun ji. Wadda ta kama ɗaki ba ta zo ba za ta biya." Yaya ne ya fi kowa dariya.

Da na kai wa Baffa akushi na ce, "Sannu da ciniki, Baffa. In an sake tsare ka a hanya kada ka yi sauri, tuwo yana nan."

Ya saki faifan ya ɗaga hannu sama. "Jama'a, ku zo ku ji! Magana biyu a damina ɗaya!"

Na ruga cikin gida. Amma ta ƙofar Baba na bi.

Wanda ya tambayi jikinsa yau, na ce yana nan kwance, a shigo a duba shi. Zaure ya cika da takalma.

Talata, da hantsi

Na kai akushi jiya. Na dawo da shi yau, an suɗe shi tas.

Yaya ya leƙo madafa da malafar Baba a kansa, yana tambayar ɗumame. Inna ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Babu, mutumin Zariya. Mai tuwon ya zo."